Rediyon sha'awa don ranar da waya ta mutu: yadda ake shirinsa a Sakkwato

Ɗan ƙanwata Bashiru ne ya faɗo shagona ranar wata Asabar da wata oba-oba, wato ƙaramar rediyon hannu ta magana, sabuwa dal, ƙirar Baofeng, ko ledar fuskarta bai ɓare ba. Daga Legas ya yo odarta. Ya kwana biyu yana kallon bidiyon wani Ba'amurke mai koyar da yadda mutum zai yi magana da 'yan uwansa idan waya ta mutu, har ya zuba mata lambobin da mutumin ya bayar. Na karɓa na duba, sai ga 146.520.

"Kawu, wagga ita ta lambar kiran gaggawa," in ji shi, yana ta murmushi.

Na ce ya kashe ta, ya jawo benci ya zauna. Wannan lamba, a Amurka ne masu rediyon sha'awa ke kiran juna a kanta. A nan ko cikin rabonmu ba ta, don namu rabon a wannan zango daga megahaz 144 ya tashi, a 146 ya tsaya. Da ya danna ya yi magana, da gonar wasu ya shiga, ba sallama ba lasisi, a jihar da ganin oba-oba a hannun farar hula kaɗai ya isa a sauke shi daga mota a shinge.

Ni mai gyaran rediyo ne tun ina saurayi, ko da yake yanzu haɗa sola ke ciyar da gidana. Rediyon sha'awa kuwa tun a akwatin rediyon mahaifina na fara cin karo da shi. In ka murɗa ƙasa da mita 41 kaɗan, bayan tashoshin labarai, sai ka ji wasu muryoyi kamar kukan agwagwa, ba ka gane ko kalma ɗaya. Sai da na girma na san mutane ne irina, kowa a ɗakinsa, suna hira daga eriya zuwa eriya, ba ƙarfen sabis a tsakani, ba kati, ba data. Gwamnatin ƙasarsu ta ba su lasisi da lambar kira, bisa sharaɗin ba ciniki, ba talla, ba kiɗa, ba maganar sirri. In za ka neme su a intanet, "ham" Turawa ke ce musu.

Lambobinmu ba nasu ba ne

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta kasa duniya kashi uku wajen rabon zangon rediyo. Yanki na 1 shi ne Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya da Rasha. Yanki na 2 nahiyar Amurka ce, arewa da kudu. Yanki na 3 ya ɗauki sauran Asiya da Ostireliya da tsibiran tekun Fasifik. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Faris a 1925, ita ma a kan wannan kason take tafiya. Mu a Yanki na 1 muke, tare da Ingila da Jamus, don haka littafin Bature ɗan Ingila ya fi na Ba'amurke kusa da gaskiyarmu.

Ga inda mutum ke yin ɓatan kai. A zangon mita 40, Ba'amurke yana da daga 7.000 har 7.300. Mu a 7.200 muke tsayawa, abin da ya haura nan na gidajen rediyo ne, shi ne mita 41 ɗin da iyayenmu ke sauraren labaran duniya. To ɗaya daga cikin lambobin da Yanki na 2 ya ware don gaggawa ita ce 7.240. Ka ga wanda ya kwafe ta daga bidiyo, ranar da ruwa ya ci gari zai je yana kururuwa a ƙarƙashin tashar da ta fi shi ƙarfi sau dubbai, ga laifin keta doka a kansa. A mita 80 ma haka, su har 4.000 suke kaiwa, mu a 3.800 muke birki.

Lambobin da za ka rubuta a takarda ka manna jikin rediyonka su ne 3.760 da 7.110, waɗannan na yankinmu ne. Sai 14.300 da 18.160 da 21.360, waɗanda duk duniya ta yarda da su. Ba a hana hira a kusa da su a ranakun lafiya, amma da zarar ka ji ana aikin ceto, sai ka matsa ka ba su wuri. A oba-oba kuwa, inda ake kiran juna a yankinmu 145.500 ne.

Kowa da irin masifar da ta koya masa

Bambancin ya wuce lambobi. Kowace ƙasa, masifar da ta saba gani ita ta tsara mata aikin masu rediyonta.

Amurka tana da masu lasisi sama da 700,000, kuma dokar hukumar sadarwarsu, a sakin layinta na farko, ta ambaci taimako a lokacin gaggawa cikin dalilan da suka sa aka halatta abin. Suna da ARES tun 1935, 'yan sa-kai da ke da rajista gunduma-gunduma. Suna da masu leƙen hadari da ke kai rahoto ga hukumar yanayi. Duk lokacin da guguwar teku ta doso, akwai zaman da ake buɗewa a 14.325 tun 1965, kuma a cibiyar lura da guguwa da ke Miyami akwai tashar masu sha'awa a cikin ginin. Ko a Satumbar 2024, da guguwar Helin ta yanke hanyoyi da wayoyi a yammacin Karolina ta Arewa, wata na'ura mai karɓar magana ta sake cilla ta, wadda muke kira rifita, da ke kan dutsen Mical mai tsawon sama da mita 2,000, ita ta riƙa haɗa mutanen ƙauyuka da masu ceto. Mai bidiyon Bashiru a cikin wannan daula yake magana. Ya san in ya danna, akwai rifita a kan dutse, akwai mai amsawa, kuma ɗan sandan garinsu ya san mene ne rediyon sha'awa.

Ingila tata hanyar daban. A daren 31 ga Janairu 1953 teku ta yi ambaliya a gabashin ƙasar, mutum sama da 300 suka rasu, a Holan kuma sama da 1,800. A wannan shekarar aka kafa RAYNET, ƙungiyar agaji ta masu rediyon sha'awar ƙasar. Su ba sa tashi da kansu su ce ga mu mun zo ceto. Sai 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko masu motar asibiti, ko jami'in shirin gaggawa na ƙaramar hukuma sun nemi taimakonsu. Yawancin shekara a tseren gudu da na kekuna suke aiki, suna tsaye a lungunan da waya ba ta kamawa, nan hannunsu ke faɗawa. A Afirka ta Kudu akwai irinta, HAMNET, su ma suna fita tare da masu neman waɗanda suka ɓata a duwatsu.

Labarin Indiya ya fi kama da namu, shi ya sa nake yawan ba da shi. Tsibiran Andaman wuri ne da gwamnati ta daɗe tana hana masu sha'awa kafa tasha saboda tsaro. Da ƙyar aka ba wata tawaga izini a Disambar 2004, ƙarƙashin wata mata mai suna Bharathi Prasad, su je su yi wasansu na tuntuɓar ƙasashe. Suna can, ranar 26 ga wata, girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa tsibiran. Suka ajiye wasa, suka kunna janareto, suka koma isar da saƙon hukuma da na iyalai zuwa babban yankin Indiya. Abin da aka daɗe ana yi wa kallon barazana, shi ya yi rana. A Turkiyya ma, girgizar ƙasar 1999 da ta Fabrairun 2023, ƙungiyar masu rediyon sha'awar ƙasar, TRAC, tana cikin masu aikin ceto.

To mu fa? Ruwa muna da shi. Duk wanda ya ga 2010 bai manta yadda Rima ya cika ya cinye gadar hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ba, kuma mun ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024. In ruwa ya yanke hanya, man da ke tafiyar da janareton ƙarfen sabis ba ya isa, wayoyin mutane kuma caji ya ƙare. Wannan aikin rediyon sha'awa ne, ba gardama.

Amma muna da wani irin shirun da mai bidiyo bai san shi ba. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara, aka biyo da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato, don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanya. Gwaggona tana wajen Goronyo lokacin. Sai mu je tasha mu ba direba saƙo, mu jira ya dawo da amsa, kamar zamanin da ba a san waya ba. Wani ɗan uwa ya same ni ya ce, tunda ina da kayan, me zai hana in kai rediyo ɗaya can in ajiye. Na ƙi, har ya yi fushi da ni. Hukuma ce ta yanke sadarwar da gangan, duk wanda ya buɗe wata kafa a wurin, ko da niyyarsa fara ce tas, ya sa kansa cikin sahun waɗanda ake nema. Ban da haka, babu mai lasisi a can da zai riƙe ta. Wannan shi ne abu na farko da nake so mai shiga harkar nan a arewa maso yamma ya haddace: in ruwa ko iska ko lalacewar wuta suka kashe waya, kunna. In umarni ne ya kashe ta, kada ka aika komai zuwa wannan yanki sai hukumar da ta ba da umarnin ta ce ka yi.

Fara da kunne

Kafin ka kashe ko sisi, saurara. Akwai masu karɓar rediyo da aka jona da intanet, irin su WebSDR da KiwiSDR, kana buɗewa a wayarka ka murɗa zango kamar kana gaban akwatin. A maɓallan salon karɓar murya, zaɓi LSB in kana megahaz 3 ko 7, USB in kana 14 zuwa sama, sai kukan agwagwar nan ya koma maganar mutum. Yi wata biyu kana saurare da littafi a hannu. Rubuta lambar kira, lokaci, zango, da ƙarfin murya. Farkon lambar ke gaya maka ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, TY Binin, TT Cadi, TJ Kamaru, 9G Gana, ZS Afirka ta Kudu. Za ka lura Turawa sun cika wurin, namu kuwa sai ka yi kwanaki ba ka ji 5N ko ɗaya ba. Wannan ƙarancin shi ne babbar matsalarmu, ya fi tsadar kaya. Rediyo ɗaya tilo ba ta da maraba da waya ɗaya tilo a duniya. Don haka tun yanzu nemi abokin tafiya, mutum biyu ko uku, zai fi kyau a ce ɗaya yana wani gari, Birnin Kabi ko Gusau ko Tambuwal.

Sai lasisi. Dokar rediyo ta ƙasa, tun ta 1961, ta hana kafa tasha ko aika magana ba tare da izini ba. Sashen kula da zangon rediyo na Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja ke da alhakin masu amfani da zango ba don kasuwanci ba, kuma ƙungiyar NARS ce ke wakiltar masu sha'awar Najeriya a IARU, ta wurinsu za ka san yadda ake bi. Ka koyi lissafin wuta na farko-farko, da rabon zango, da ladabin magana. Kada tsoron ƙwanƙwasar Mos, wato aika haruffa da gajeru da dogayen sauti, ya hana ka, tun taron ITU na 2003 a Janeba aka daina wajabta ta a dokar duniya.

In takarda ta fito, kada ka ɓoye ta a akwati. Na taɓa yin wannan wautar. Ina hanyar Illela zan je gwada eriya a gonar wani abokina, a but akwai rediyo, batir, naɗin waya da sandunan roba. Aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya buɗe but, ya dube ni, ya sake duban kayan.

"Malam, wannan fa?"

"Yallaɓai, rediyon sha'awa ce, ina da lasisi."

"Ina yake?"

Yana gida, cikin fayil, ƙarƙashin katifa. Awa uku na yi a gindin wata bedi har aka kawo shi a kan babur. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, ni ma in ni ne a wurin, abin da zan yi ke nan. Tun ranar na yi kwafi uku na sa aka manne su da leda, ɗaya a aljihu, ɗaya a mota, ɗaya na ɗaure jikin rediyon da salatif.

Zuwa da kai ya fi aike

Wannan matakin babu shi a littafin Bature ko ɗaya, kuma a wurina ya fi sayen rediyo muhimmanci. Kafin waya ta hau sama a gidanka, je ka gaida mai unguwa, ka kai kwafin lasisi ofishin 'yan sandan yankinku da wasiƙa gajera mai bayanin abin da kake yi. Gaya wa limamin masallacinku da maƙwabta na dama da hagu. In ba haka ba, ranar da aka sace wani a unguwa, gidan mai doguwar waya za a fara nunawa.

Ni gayyato mai unguwarmu na yi bayan la'asar. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon kayan, hannu a baya.

"Mi kaka ji da ita?"

"Ranka shi daɗe, zauna ka ji da kunnenka."

Na murɗa zuwa mita 20, sai ga wani mutumin Italiya yana ba wani ɗan Sifen labarin eriyarsa. Ya saurara shiru, sannan ya ce, "Ana jin Makka?" Na ce wani lokaci akan ji mutanen Saudiyya, lambarsu da HZ take farawa. Ya ce in na ji su in aika a kira shi. Tun daga nan duk wanda ya yi maganar wayata, shi ke ba shi amsa.

Kayan aiki, da abin da ƙasarmu ke yi musu

Oba-oba mai wat 5 ba ta wuce inda ido zai iya kaiwa, da ɗan ƙari. A cikin gari, tsakanin gine-gine, ka samu kilomita 3 zuwa 5 ka gode Allah. In ka ɗora eriyar waje a kan ƙarfen tankin ruwa mai tsawon mita 9, abokinka ma ya yi haka, kuna iya kaiwa kilomita 20 da 'yan kai. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da dutsen da za mu ɗora rifita ta rufe rabin jiha, don haka kada ka gina shirinka a kanta. Oba-oba ta haɗa Mabera da Arkilla ko Runjin Sambo. Ba za ta kai ka Wurno ba.

Abin da zai kai ka Wurno da Isa da Kwanni rediyon gajeren zango ce, da eriyar da aka ɗaure ƙasa-ƙasa da gangan. Nan mutane ke mamaki, don sun saba jin cewa eriya sai ta yi sama. Can sama da kilomita 200 akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, yana maido da zangon rediyo ƙasa. Eriyar da aka ɗaga can sama tana harba magana a karkace, ta je ta sauka a Turai, ta tsallake maƙwabta. Shi ya sa a 14.300 za ka ji Italiya raɗau, amma mutumin Rabah ko motsinsa ba za ka ji ba. Eriyar da ke ƙasa kuwa sama take harbawa tsaye, maganar ta dawo ta bazu kewaye da kai, kamar ka watsa ruwan buta sama ya sauko maka a ka. Da haka kake rufe kilomita 300 zuwa 400 ta kowace fuska, ba tare da rami a tsakiya ba.

Yadda nake yinta ke nan. Raba 143 da lambar zangon, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. Na 7.110 ya kama mita 20 da ɗan ɗoriya, wato 10 hagu 10 dama. Wayar wutar gida mai kaurin 1.5 ta isa. Yanka kowane ɓari da rarar taƙi ɗaya, don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Gutsuren bututun roba na famfo, ka huda shi da ƙusa mai zafi, shi ne abin riƙe tsakiya da bakin kowane ɓari. A tsakiya ka jona kebul mai om 50, cibiyarsa ga ɓari ɗaya, ragarsa ga ɗayan, ka naɗe mahaɗin da kyau don ruwa. In babu, kebul ɗin dish ma yana yi. Tawa daga ƙarfen tanki ta tashi zuwa dogonyaron ƙofar gida, tsawonta daga ƙasa bai fi mita 5 ba. Sai ka sa mitar SWR, mai nuna ko eriya ta dace da zangon, ka riƙa datse yatsa biyu-biyu daga kowane baki har allura ta sauka ƙasa da 1.5. Kuma don Allah kada wayar nan ta bi sama ko ƙarƙashin wayar wutar lantarki, ko da an shekara ba a kawo wuta ba.

Da rana 7.110 ke aiki. In dare ya yi nisa rufin nan yakan yi rauni, sai a sauko 3.760, ita kuma wayarta kusan mita 38 ce, gidajen cikin gari kaɗan ne za su ɗauke ta a miƙe. Lanƙwasa bakunan ta bi katanga, tana yi. Sai dai da damina tsawa na cika mita 80 da ƙara kamar ana suyar gyaɗa a kunnenka.

Wuta kuwa, a nan ne muka fi Bature gata, rana ba ta yi mana rowa. Rediyo mai wat 100 tana shan wajen amfiya 1 in tana saurare, in kana magana takan kai 20 a ƙololuwa. Batir mai amfiya-awa 100 irin na ruwa, rabinsa kawai za ka ci in kana so ya daɗe, wannan rabin ya isa yini da kwana na saurare da 'yar magana. Faranti ɗaya na sola mai wat 150 zai mayar maka da shi a yini. Rage ƙarfi zuwa wat 20 ko 30, da irin wannan eriya sau da yawa ya wadatar. Jona rediyon kai tsaye da batir, da fis a kusa da kan batir ɗin. Kada ka bi ta inbata, yawancin na kasuwa hayaniya suke zubawa a gajeren zango, har wasu na'urorin cajin sola ma. In ka ji "zzzz" ya cika ko'ina, kashe kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, za ka kama ɓarawon.

Abu biyu na Sakkwato da ba a rubuta su a takardar da ke zuwa cikin kwali. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, rediyo a ɗakin kwano takan rage ƙarfinta da kanta ko ta ɗauke. Ajiye ta inda iska ke bi, ka sa mata ƙaramar fanka ta kwamfuta a baya, batir kuma kada ya kwana a rana. Da hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura tana goga jikin wayar tana tara mata caji. Na taɓa jin "ƙyas, ƙyas" cikin dare, na haska, ashe bakin kebul ne da na cire na ajiye a kan tebur yake tartsatsi shi kaɗai, ba hadari ba komai. Da yana jikin rediyon, da na yi asara. Kafa ƙarfe a ƙasa, ka riƙa zuba masa ruwa don yashinmu busasshe ne, kuma duk lokacin da ka gama aiki, ko ka ga hadari ya haɗo daga gabas, cire kebul.

Abin da ake faɗa, da abin da ake haɗiyewa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa rana ɗaya a mako, ko minti 15 ne, ku kira juna a batir kaɗai, ku aika wa juna saƙon gwaji, kuna faɗin "gwaji ne" a farko da ƙarshe. Tun ana zaune lafiya ku je ofishin hukumar agajin gaggawa ta jiha, da na NEMA, da Red Cross, ku gabatar da kanku, ku tambaye su irin bayanin da suke so da wanda za a miƙa wa. A nan tsarin Ingila ya fi dacewa da mu: kai mai ɗaukar saƙo ne, ba kai ke ba da umarni ba. In waya na aiki, kira 112 ko jami'in kai tsaye, rediyo ta jira.

Rubuta saƙo a takarda kafin ka danna. Lamba ta nawa ne, daga wa, zuwa ga wa, wane wuri, ƙarfe nawa, sannan magana a taƙaice: mutum nawa, me suke bukata, wace hanya ce ke biyuwa. Lokaci da agogon duniya ake rubuta shi, UTC, mu muna gabansa da awa ɗaya, ƙarfe 8 na darenmu 19:00 ke nan. Sunan gari kuwa a bi shi harafi-harafi da kalmomin da duniya ta yarda da su. Cikin ƙara, Gada da Gudu abu ɗaya kunne ke ji, alhali ɗaya na gabas da Illela, ɗaya na can yamma. Golf, Alfa, Delta, Alfa. Wanda ya karɓa ya maimaita maka, sannan ka ce ya yi. Abin da ba ka gani da idonka ba, faɗi wanda ya gaya maka. In saƙon na tsallaka iyaka ne, misali daga Kwanni zuwa Illela, dokar duniya tun 2003 ta yarda a ɗauki saƙon wani zuwa wata ƙasa a lokacin bala'i, amma ta bar wa kowace gwamnati ta faɗi yadda abin zai kasance a wurinta, don haka karanta sharuɗɗan lasisinka.

Sai abin da ya raba mu da kowa. Ba'amurke yakan karanta sunan mutum da adireshinsa a iska, ya ce yana gida lafiya shi kaɗai. Kai kada ka kuskura. Rediyon sha'awa fili ce, doka ta hana sakaya magana, kuma oba-oba irin ta Bashiru tana hannun mutanen kirki da waɗanda ba na kirki ba. Kada ka faɗi inda jami'an tsaro suke ko inda suka nufa. Kada ka faɗi lokacin da motar kayan agaji za ta tashi da hanyar da za ta bi. Kada ka ce mutanen ƙauye kaza sun kwana a makarantar kaza da shanunsu. Irin wannan bayani a kai shi da ƙafa, ko a bar wa hukuma ta aika ta nata layin. A iska ka tsaya ga ruwa ya kai ina, gada ta tsaya ko ta tafi, ana bukatar kwalekwale ko magani, mutum nawa ne ba sunayensu ba.

Oba-obar Bashiru tana cikin durowata har yanzu, na cire mata batir, mun yi da shi sai ranar da takardarsa ta fito. Na ba shi wata tsohuwar rediyon gajeren zango mai SSB, wato mai kama LSB da USB, da na gyara, ya ja waya daga tagarsa zuwa bishiyar maƙwabci, bayan ya je ya nemi izini. Jiya ya zo da littafinsa, shafi huɗu cike, yawanci Italiya da Sifen, sai ZS guda biyu, da wani 5N ɗaya da ya ja wa layi uku a ƙasa. Na bi lokutan da yatsa, na ga duk da agogon Najeriya ya rubuta su. Na miƙa masa biro na ce ya cire awa ɗaya daga kowane layi, ya zauna a bencin yana gyarawa har aka kira magariba.